Martani: Ruwan Kagoma Yana da Yawa, Riƙe Shi Ne Jan Aiki

Kwanan baya wata maƙala ta yi ta yawo a wayoyin 'yan bokon Kudancin Kaduna, inda marubucinta ya yi wa masu kiran a farfaɗo da kurmi, a tare ruwa, a gyara ƙasar noma wankin babban bargo. A ganinsa wannan duk waƙar masu ba da tallafi ce daga Turai, kuma an tsara ta ne domin bakin hamada, irin su Yusufari da Mai'adua da Maraɗi. Kagoma da Kafanchan, a cewarsa, ruwa har ya yi musu yawa, duk inda ido ya faɗa kore ne shar. Abin da manomin citta yake bukata bayan annobar 2023 shi ne takin zamani mai araha, da maganin feshi, da tarakta da za ta tumɓuke kututture ta buɗe fili, sai rijiyoyin burtsatse domin noman rani. Ya rufe da labarin Siri Lanka, ƙasar da ta hana takin zamani ta jefa kanta cikin wahala.

Alƙalamin malamin yana da kaifi, kuma ba duk maganarsa ce ta faɗi ƙasa banza ba. Gaskiya ne a watan Afrilun 2021 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, noman shinkafa da ganyen shayi ya karye, kafin ƙarshen shekarar aka janye dokar ba shiri. Gaskiya ne kuma an daɗe ana raina wa jama'a hankali da bikin dashen itatuwa: babban mutum ya tsuguna da babbar riga, a ɗauki hoto, a watse, kafin mako ya zagayo akuya ta gama da dashen. Sai dai babu wanda ya ce a hana manomin Fadan Kagoma sayen buhun yuriya. Marubucin ya zaɓi abokin kokawar da ya fi sauƙin kayarwa, ya kayar da shi, ya bar ainihin maganar tana nan zaune.

A fara da ruwan da ya kafa hujja da shi. Yankin Kafanchan yana samun ruwan sama wajen milimita 1,500 a shekara, ninki biyu na abin da Katsina ke samu, kusan ninki uku na Maraɗi. Wannan ba a musu. Amma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Afrilu da Oktoba, a kan ƙasa mai tudu da gangare da duwatsu, daga nan sai wata biyar na hunturu da bazara. Duk wanda ya bi hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, wadda ta ratsa ƙasar Gwong, wato Kagoma, washegarin ruwan dare na watan Mayu, ya tsaya a kan gada ya leƙa, zai ga ƙorama ta cika ta yi ja wur. Jan nan saman gonar wani ne, wadda aka kafce aka bari tsirara, ya haɗu da takin da mai gonar ya ci bashi ya saya, suna gangarawa ba ko sallama. Ya koma gadar a watan Maris, zai tarar da yashi, da mata suna tona rami a tsakiyar rafin suna kwalfar ruwa da ƙoƙo.

Sauyin yanayi ba da tulin rairayi yake zuwar wa ƙasa irin wannan ba. Masana sun daɗe da auna cewa duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana sa iska ta ƙara ɗaukar tururin ruwa da kimanin kashi 7 cikin 100, abin da ta ɗauka kuwa sai ta sauke. Shi ya sa ake ƙara ganin ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin 'yan sa'o'i, sannan ya ɗauke ƙafa a tsakiyar damina, wani lokacin daidai sa'adda masara ke goyo. Manomin Maraɗi yana fama ya tare ɗan abin da ya sauka. Manomin Kagoma yana fama ya rage wa mai yawa gudu domin ya nutse. Kayan aikinsu kusan ɗaya ne: rufin ƙasa, saiwar itace, kunyar da ta gitta gangare, da taki mai jiki.

Kore kuwa ba ya zama shaida. Nanka da Agulu a Jihar Anambra sun fi Kafanchan ruwa, sun fi ta duhun itatuwa da kwakwar manja, amma can ne kwazazzabai mafi muni a Najeriya suke, masu haɗiye gidaje da gonaki da hanyoyi. Wataƙila abin da ya ruɗi marubucin shi ne shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda a Najeriya ya taƙaita ga jihohi 11 na bakin hamada, babu Kaduna a ciki. To amma ita kanta gwamnati ta wuce wannan tunanin. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disambar 2021, ya haɗa jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma yana kallon ƙasa ne ta fuskar inda ruwa ke taruwa ya gangara. Kaduna tana ciki, har da kudancinta.

Babban abin mamaki a maƙalar shi ne ta ɗauki citta ta kafa hujja da ita, alhali babu amfanin gonar da ya fi citta ƙaryata ta.

A duba yadda ake shuka ta. Da ruwan farko ya jiƙa ƙasa, manomi zai kafce gona da zurfi, ya farfasa hoge har ta yi laushi. A zauna a gindin mangwaro a gutsuttsura iri, kowane gutsure da idonsa, a binne su kusa da kusa. Aikin bai ƙare ba sai an lulluɓe gonar kaf da ciyawa da ganye. Mata da yara ne ke shiga daji da lauje, su dawo da dammuna a ka, a yi ta bazawa har ƙasa ta ɓace. In mutum ya sa hannu ya ɗaga rufin nan da tsakar rana, zai ji ƙasan da sanyi da danshi, ga tana ga gara suna ta aikinsu, alhali taku biyu daga nan, inda ba a rufe ba, ƙasa ta yi ɓawo tana ƙona tafin ƙafa. Wanda ya yi ƙyuyar rufi, tsironsa ba zai fito daidai ba, ciyawa ta riga citta tashi, ruwan farko mai ƙarfi ya tone masa iri. Tun wajen 1927 da noman citta ya kafu a matsayin sana'a a wannan yanki, daga Kachia zuwa Kwoi zuwa Kagoma, haka ake yi. Rufe ƙasa shi ne darasi na farko a cikin abin da marubucin ke kira waƙar Turawa, kuma kakar kowane ɗan Gwong ta san shi tun kafin a haifi masu koyar da shi a otal.

Tambayar da bai yi ba ita ce: daga ina ciyawar ke zuwa? Daga saura take zuwa, da gefen kurmi, da dajin da ba a sassabe ba. In tarakta ta buɗe ko'ina, aka bi da maganin ciyawa, samari suka cinna wa ragowar wuta a watan Disamba domin farautar gafiya, to damin ciyawa zai ƙara nisa, ya ƙara tsada, kuma wuyan mata ne zai biya. Shirin malamin zai cinye abin da cittar take rayuwa a kansa.

Sai annobar 2023, wadda ita ce ƙashin bayan maƙalar tasa. Ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Da damina ta yi nisa, ganyen citta ya fara rawaya yana bushewa, a tono a tarar ta ruɓe tana wari, gona bayan gona, a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a da maƙwabtansu. Ma'aikatar noma ta tarayya ta ƙiyasta asarar da sama da Naira biliyan 12, aka kafa kwamitin yaƙi da cutar, asusun bunƙasa noma na ƙasa ya ware Naira biliyan 1.6 domin tallafi. Gidajen da kuɗin makaranta da na aure da na kwanon rufi duk daga citta suke fitowa sun shiga wani hali, irin shukawa ma ya gagari talaka. Cutar funfuna ce, kuma babu mai hankalin da zai ce ciyawa ko kashin shanu za su kashe ta. Ana bukatar magani, ana bukatar iri mai tsabta, ana bukatar cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike, wadda citta ke cikin aikinta, ta tashi tsaye. A nan marubucin bai yi kuskure ba.

Inda ya kauce shi ne ya ɗauka feshi ne farko, feshi ne ƙarshe. Cittar yankin nan kusan iri biyu ce rak, Tafin Giwa da Yatsun Biri, kuma da yake gutsurenta ake shukawa ba ƙwaya ba, kowace gona kwafin 'yar'uwarta ce. Cutar da ta iya da ɗaya ta iya da duka. Cututtukan ruɓewar citta an san su a Indiya da sauran ƙasashen da ke noma ta, an kuma san abin da ke ba su ƙarfi: ruwa ya kwanta a gindi, a maimaita citta a fili ɗaya shekara bayan shekara, a shuka irin da ya riga ya kamu. Dattawa sun saba barin fili ya huta daga citta na wasu shekaru. Tsadar da ta yi a kasuwa, da ƙarancin fili, da tsoron zuwa gona mai nisa sun sa da yawa sun daina wannan haƙurin. Wanda zai magance hakan da ƙara faɗin gonar citta zalla, to ya shimfiɗa wa annoba ta gaba tabarma. Gidan da ke da acca da dauro da gwaza da waken soya a gefe, ko citta ta ruɓe, tukunya ba ta sauka ba.

Maganar taki ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta, domin amsarta ba daga Turai take ba, daga Zariya take. A 1950 aka fara wani gwaji a Samaru, a cibiyar binciken aikin gona da yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. An yanka fili ƙanana-ƙanana, wani ana zuba masa kashin shanu kaɗai, wani takin zamani kaɗai, wani a haɗa masa duka biyun, wani a bar shi haka nan, kuma aka yi ta maimaitawa shekaru da dama ba fashi. Yana cikin gwaje-gwajen ƙasa mafi daɗewa a Afirka ta Yamma, ɗalibai da yawa sun samu digiri a kansa. Abin da ya nuna a fili yake. Filayen da aka yi ta ɗura wa takin zamani mai naitirojin ba tare da takin gargajiya ba sun yi tsami, ƙarfinsu ya ragu, amfaninsu ya yi ta ja da baya. Waɗanda aka haɗa musu biyun su ne suka riƙe albarkarsu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jar ƙasar wannan yanki ba ta da ƙarfin riƙe sinadaran abinci da kanta. Ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi su ne ke riƙe mata. In suka ƙare, yuriyar da aka zuba da safe ruwan yamma ne zai wanke ta zuwa ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa, ko zuwa rafi. Kuma a nan hujjar marubucin take juyowa kansa: inda ruwa ya fi yawa, nan wankewar ta fi tsanani. Manomin Kagoma ya fi na Katsina bukatar ƙasa mai jiki, saboda ruwan nan da ake yi masa gori da shi. Wanda ke cewa da buhu biyu suke isarsa, yanzu sai huɗu, ba lallai takin ne ya zama jabu ba. Sau da yawa gonar ce ta rame.

Su kansu masu rajin takin zamani sun gane. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun sa burin kai amfani da taki zuwa kilo 50 a kowace hekta. Da suka sake haɗuwa a Nairobi a watan Mayun 2024, taron nasu na taki ne da lafiyar ƙasa, a haɗe. Najeriya kuwa yanzu tana sarrafa yuriya har tana fitarwa waje, daga masana'antar Dangote ta Lekki da ta Indorama a Eleme, amma farashin buhu a kasuwar Kafanchan yana bin dala ne. Duk abin da zai sa buhu ɗaya ya yi aikin da ya kamata, riba ce a aljihun manomi.

Game da zargin cewa abin baƙo ne, tarihin yankin ya isa amsa. A ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin na 1980, masu bincike na cibiyar dabbobi ta ILCA sun zauna a Abet kusa da Zonkwa, da Kurmin Biri a ƙasar Kachia. Abin da suka rubuta abu ne da dattawa suka sani ba sai an karanta musu ba. Bayan girbi, manomi yakan bar Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara da harawa, su kwana a wurin, su bar kashi da fitsari. Mashekarin nan shi ne filin da kowa ke so, ana ware shi ga amfani mai daraja irin citta. Manomi ya samu taki, makiyayi ya samu abincin rani da wurin zama, matan gidajen biyu suna musayar nono da hatsi. A nan ne kuma aka gwada killace fili a shuka ciyawar dabbobi mai ƙara wa ƙasa ƙarfi, a ajiye ta domin rani; in aka noma filin daga baya, hatsi ya fi kyau.

Wannan ciniki ya lalace a wurare da yawa, kuma kowa ya san dalili. Daga Kafanchan a 1987 zuwa Zangon Kataf a 1992, zuwa rikicin 2011, zuwa Godogodo a 2016, an zubar da jinin da ba a cewa mutane su manta da shi. Ba wanda zai dasa itace a gonar da yake tsoron zuwa, kuma duk mai maganar gyaran ƙasa da ya tsallake tsaro yaudarar kansa yake yi. Amma cikin asarar da ba a cika lissafawa ba akwai takin nan da ya daina sauka a gonaki. Inda sarakuna da ardo-ardo suka iya zama suka maido da ƙa'idar lokacin shiga gona da lokacin fita, da biyan ɓarna, sun yi wa ƙasa aikin da tirelar taki ba za ta yi ba. Inda hakan bai yiwu ba tukuna, akwai kashin awaki da kaji da aladu, waɗanda ake kiwo kusan a kowane gida, yawancinsa yana zubewa a bayan gida ruwa yana kwashewa.

A maƙwabta ma haka abin yake. Mutanen Kofyar a Jihar Filato, waɗanda Ba'amurke Robert Netting ya zauna da su a shekarun 1960, suna jera duwatsu su yi matakala a jikin tsauni, su yi kunya mai akwati da ke tare ruwa, su ɗaure awaki a turke da damina suna tara taki, kuma da haka suke noma fili ɗaya kowace shekara ba ya mutuwa. Babu ƙungiyar agajin da ta koya musu.

Abin da za a aro daga Maraɗi kuwa guda ne, kuma ya ci karo da tarakta kai tsaye. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostiraliya mai aiki da mishan ɗin SIM, wadda ta haifi cocin ECWA da ta cika Kudancin Kaduna, ya gaji da dashen da ke mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sarewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwa masu rai, da saiwarsu a ƙasa. Aikin kawai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga wuta da gatari. Wannan shi ne sassabin zamani. Ya bazu a Maraɗi da Damagaram har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, ba gandun raino, ba tankar ban ruwa. Gawo, wanda ya yi musu rana a can, ba itacen Kagoma ba ne. Amma Kagoma tana da ɗorawa da kaɗanya da maje da ɗinya da atili, kuma da irin ruwanta kututture ya fi saurin tashi. Kututturen da marubucin ke so a tumɓuke, shi ne jarin da mutanen Maraɗi suka farfaɗo da ƙasarsu da shi.

Wani sirrin na Nijar shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na malamin daji ba. A Kagoma cikas ɗin ya fi yawa ta wajen aro da haya. Wanda ya karɓi fili na damina ɗaya ba zai wahala da takin da sai baɗi zai nuna ba, mai fili kuma ba ya yarda ɗan haya ya dasa itace, kada gobe ya ce gonar tasa ce. Wannan ba aikin Bankin Duniya ba ne. Aikin fadar Kpop Gwong ne da hakimai da masu unguwanni.

Ba kuma kowane itace ne daji ba. Gandun Nimbia, wanda aka fara dasawa a 1957 a kan hanyar Jos, tik ne da malaina a jere, an yi shi domin katako da turakun lantarki. Yana da amfaninsa, amma ƙarƙashin tik ciyawa ba ta cika tashi ba, ganyensa ya zube da rani wuta ta lashe, ruwa ya tarar da ƙasa a buɗe. Kurmin Nindam da ke kusa da Kagoro, wanda masana tsuntsaye na duniya suka sa cikin muhimman wurare saboda tsuntsayen dajin kudu da ake samu a cikinsa, shi ne irin abin da ke riƙe idon ruwa. Irin waɗannan kurame na bakin rafi su ake ci da gatari da injin zarto. Madobiya ta sha sara domin kasuwar Sin har sai da yarjejeniyar CITES ta sa mata takunkumi daga 2017. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gas da kananzir suka ƙara fin ƙarfin talaka, buhunan gawayi da ke jere a bakin titi suna jiran motocin Abuja ba su ragu ba. Saurayin da ke ƙona kirya ba mugu ba ne, abinci yake nema. Sai dai kirya ɗaya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta kai sara, kuɗinta kuwa ba ya kai mako.

Rijiyar burtsatse, wadda marubucin ya ɗora wa dukan fatansa na noman rani, ba ta ƙirƙirar ruwa. Ƙarƙashin wannan yanki dutse ne tsantsa, ruwan da ke ciki yana zaune ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa, kuma daga ruwan saman da ya nutse a kewaye yake samuwa. Shi ya sa rijiyoyi da yawa ke ja da baya a watan Maris, wasu ma su ƙafe. A haƙa ɗari a gangaren da aka aske, duk daga ƙoƙo ɗaya za su sha. Layin jema da aka dasa ya gitta gangare, da kunya mai tare ruwa, da kurmin da aka bari a kan idon ruwa, su ne ke cika rijiyar. Wanda ke son noman rani ya fi kowa bukatarsu.

Akwai ma wani bashi da ba a taɓa tambaya ba. Madatsar ruwa ta Gurara, wadda ke cikin Kudancin Kaduna, ita ce ke tura ruwa ta bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa madatsar Usuma da ke shayar da Abuja. Kogin Mada, wanda wasu rafukan ƙasar Jama'a ke ciyarwa, daga shi Akwanga da Keffi ke sha. Duk laka da ta bar gonar manomi a sama tana zuwa ta cike madatsa a ƙasa, ta ƙara kuɗin tace ruwa. A Kenya an kafa asusu tun 2015 wanda masu cin moriyar ruwa a Nairobi ke zuba wa kuɗi, ana tallafa wa manoman saman kogin Tana su tare zaizaya a gonakinsu. Ɗan bokon da ke son yi wa yankinsa faɗa, ga faɗan da ya dace da alƙalaminsa.

Ba a ce abin ba wahala. Tara taki da ɗaukarsa zuwa gona aiki ne mai karya baya, jema sai an dasa ta an kula, itace yana rage wa masara rana in ba a datse shi ba, kuma gonar da ta rame ba ta murmurewa cikin damina ɗaya. Talakan da annoba ta cinye wa jari ba zai iya jira da yunwa ba. Saboda haka ne tallafin taki da iri mai tsabta suke da muhimmanci, amma a ɗaure su da gyaran ƙasa, yadda wanda ya karɓi buhu zai kuma samu saiwar jema da irin waken soya da ladan aikin tare kwazazzabo.

Jami'ar Jihar Kaduna tana da tsangayar aikin gona a Kafanchan, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Fadan Kagoma. Ta nemi fili a bakin hanya inda kowa zai gani, ta raba shi biyu, gefe ɗaya a bi shawarar marubucin, ɗaya gefen a haɗa takin zamani da na gargajiya da rufi da juyin shuka, a auna citta da masara da kuɗin da aka kashe har damina biyar, a kafe sakamakon a allo. Ofishin ACReSAL na Kaduna ya buga wa jama'a abin da ya kashe a Ƙaramar Hukumar Jama'a da inda ya kashe shi. Majalisar masarautar Gwong kuma ba ta bukatar jiran kowa: ta hana sara da ƙuna a bakin rafuka da idanun ruwa, ta tsara yarjejeniyar hayar gona ta shekaru da za ta fayyace mai itace da mai fili, ta sa a yi shelar hakan a coci da masallaci da kasuwa kafin saukar ruwan Afrilu.